Gyaran Dogon Bene Bayan Ɓarnar Ruwa

Dogon bene da injuna yake rayuwa. Da zarar gini ya wuce hawa biyar ko shida, ruwan famfon gari ba ya iya hawa da ƙarfin kansa, sai an tura shi da inji. Babu mai taka matakala hawa talatin kullum safiya, don haka dole a sa lifta. A yawancin sababbin benaye tagogin ma ba sa buɗuwa, iskar da ake shaƙa a ciki na'ura ce ke kawo ta. Waɗannan injuna, wato taransfoma, allunan rarraba wuta, injinan tura ruwa, tankunan dizal da sauransu, suna da nauyi, ga ƙara, kuma ba sa biyan haya. Shi ya sa masu zana gini suka saba tura su ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, su bar saman da ke kawo kuɗi ga ofisoshi da gidajen kwana. Ruwa kuwa gangare yake nema. Idan ya shiga irin wannan gini, wurin da yake taruwa shi ne daidai inda aka ajiye abin da ke riƙe da ginin duka, ta yadda mazaunin hawa na arba'in, wanda ko ɗigo bai taɓa kafet ɗinsa ba, zai iya shafe watanni bai kwana a gidansa ba.

Hanyoyin da ruwa ke shiga

Hanya ta farko ita ce ta ƙasa: ambaliya daga teku, kogi ko kwatar da ta cika ta tumbatsa. Ruwa yakan bi ta gangaren garejin motoci, ta ramukan shan iska da ke bakin titi, ko ta kafofin da aka huda a bangon fandesho don shigo da wayoyi da bututu. Wani lokaci ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. A ranar 13 ga Afrilu, 1992, ruwan kogin Shikago a Amurka ya ɓalle cikin wasu tsofaffin ramukan jiragen dakon kaya da aka haƙa a farkon ƙarni na 20, aka daina amfani da su a 1959. Turakun da aka kafa a kogin kusa da gadar titin Kinzie ne suka tsaga bangon ramin. Ramukan suna da ƙofofi zuwa ƙarƙashin manyan gine-ginen tsakiyar birnin, don haka kimanin galan miliyan 250 na ruwa ya cika su daga ƙasa alhali tituna a bushe suke. An kwashe mutane daga unguwar kasuwancin gaba ɗaya, aka yanke wuta, kuma asarar ta kusa dala biliyan 2.

Hanya ta biyu, wadda ta fi yawan faruwa ko da yake ba ta shiga labarai, daga cikin ginin take. Kowane mita 10 na tsayi yana ƙara wa ruwan da ke cikin bututu matsin da ya kai kusan kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita. A bene mai hawa 40, bututun da ke ƙasa yana ɗauke da matsin da ya ninka na famfon gida sau uku ko fiye. Saboda haka ake raba ginin shiyya-shiyya, a sa na'urorin rage matsi a tsakani. Idan ɗaya ta lalace, ko mahaɗar bututu ta saki, ko ɗan tiyon da ke bayan masai ya fashe cikin dare a ofishin da ba kowa, ruwan zai yi ta zuba har gari ya waye. Kan yayyafin kashe gobara guda ɗaya, idan lebura ya buge shi da tsani, yana fitar da lita 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Tankin saman rufi mai lita 25,000 kuwa tan 25 ne na ruwa a bisa kan kowa.

Ta uku ita ce ta sama da ta gefe: rufin da shimfiɗarsa ta tsufa, magudanar da ganye ko leda ya toshe, da ƙaron da ke liƙe gilasan bango idan rana ta cinye shi. A nan ne kuma ruwan 'yan kwana-kwana ya shigo. Gobara takan ci hawa biyu ko uku, amma ruwan da aka kashe ta da shi yakan sauka hawa goma ko ashirin.

Ruwan da ya zuba a sama ba ya tsayawa inda ya zuba. Yana malala a kan dekin har ya sami kafa, sannan ya bi ramin lifta, matakala, hanyoyin wayoyi da na bututu da suka ratsa ginin daga sama har ƙasa. A kowane hawa yakan bazu a bayan silin kafin ya sake samun wata kafar. Shi ya sa ɓarnar take faɗaɗa yayin da take sauka, kuma ɗakin da ya fi jiƙewa yana iya kasancewa hawa bakwai ƙasa da inda bututun ya fashe, a wancan ɓangaren ginin.

Sa'o'in farko

Kafin a yi maganar gyara, sai an tsare rai. Ana yanke wutar duk sashen da ruwa ya taɓa, kuma ba a barin kowa ya taka ruwan ƙarƙashin ƙasa sai mai aikin wuta ya tabbatar babu lantarki a cikinsa. A ginin da ke da janareta mai tashi da kansa, ko batura da faifan sola, kashe layin gari kaɗai bai wadatar ba. Ana hau da liftoci hawan sama a kulle su can. Garejin ƙarƙashin ƙasa kuma a rufe shi ga kowa, komai tsadar motar da ke ciki. A watan Satumba na 2022, lokacin guguwar Hinnamnor, mazauna wani rukunin benaye a birnin Pohang na Koriya ta Kudu sun sauka garejin don fitar da motocinsu, ruwa ya cika wurin cikin mintuna, mutum bakwai suka rasu.

Daga nan sai toshe mafarin ruwan idan daga cikin gini yake. Abin kamar wasa, amma sau da yawa ana ɓata sa'a guda ana neman makunnin da ya dace, domin mai gadin dare bai san inda yake ba, ko kuwa tsatsa ta kama shi ba ya juyawa.

Abu na gaba shi ne sanin wane irin ruwa ne, domin shi ke yanke hukuncin abin da za a ceta da abin da za a zubar. Masu sana'ar gyaran ɓarnar ruwa a Amurka da ƙasashe da dama suna bin ƙa'idar da ake kira IICRC S500, wadda ta kasa ruwa gida uku. Akwai mai tsabta, kamar na bututun ruwan sha. Akwai gurɓatacce, kamar na injin wanki ko na kwamin wanke-wanke. Sai mai ƙazanta ƙwarai, wato ruwan shadda, ruwan ambaliya daga titi, kogi ko teku. Kafet, katifa, soso da allon silin da kashi na uku ya jiƙa ba a wahalar busar da su, shara ce. Rabon kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: ruwa mai tsabta da ya kwana biyu a ƙarƙashin kafet cikin zafi, ko ya bi ta bayan silin mai ƙurar shekara ashirin, ya riga ya sauka aji.

Tun a wannan lokaci ake fara ɗaukar hoto da rubuta komai, da alamar inda ruwa ya kai a bango, da sa'ar da aka yi kowane aiki. Kamfanin inshora zai nemi wannan, kuma a ginin da ke da masu gidaje ɗari, gardamar wanda zai biya takan fi gyaran kansa daɗewa.

Kwashe ruwan ƙarƙashin ƙasa

Hankali yakan ba mutum cewa a kawo manyan injuna a zuƙe ruwan nan take. Injiniyoyi ba sa yarda da haka sai sun duba. Bayan ambaliya, ƙasar da ke kewaye da ginin a jiƙe take sharkaf, tana danna bangon fandesho daga waje tana kuma tura daɓen daga ƙasa. Ruwan da ke ciki shi ke tokare wannan matsi. Idan aka kwashe shi da garaje kafin na waje ya janye, bango zai iya tsagewa, daɓe ya kumbura ya fashe, a gudu gara a faɗa gidan zago. Ga ƙananan gine-gine shawarar da aka saba bayarwa ita ce a rage kimanin kashi ɗaya cikin uku a rana. A dogon bene nauyin hasumiyar yana danne tsakiyar, amma garejin da ya bazu a gefe ba shi da wannan nauyi a kansa, kuma shi ne ya fi shiga haɗari. Akan rage ruwan kaɗan, a sa alama, a jira a ga ko zai dawo.

Yawan ruwan ma abin lura ne. Santimita ɗaya kacal a kan fili mai murabba'in mita 1,000 lita 10,000 ne. Lokacin guguwar Sandy, a daren 29 ga Oktoba, 2012, teku ta yi toroƙo a kudancin Manhattan na birnin New York har ma'aunin da ke bakin ruwa ya haura mita 4, kuma ginin ofisoshi na lamba 55 a titin Water ya sha kimanin galan miliyan 32 a hawayensa na ƙarƙashin ƙasa. Irin wannan ruwa ba a juye shi kwata kai tsaye. Tankunan mai sukan taso su yi iyo, bututunsu su karye, dizal ya gauraya da ruwan, sai an tace shi kafin hukuma ta yarda a zubar. Warin man kuwa yakan bi ramin lifta ya hau. Iskar cikin dogon gini idan ta fi ta waje ɗumi sama take yi, tana jan duk abin da ke ƙasa, wari da laima da ƙwayoyin funfuna. Don haka tun da wuri ake toshe ƙofofin ƙarƙashin ƙasa da leda mai kauri, a sa fankokin da ke zuƙo iskar wurin su fitar da ita waje.

Wuta, famfo da lifta

Babu abin da zai motsa sai an sami wuta, kuma Sandy ta nuna yadda tanadin ko-ta-kwana ke rushewa ta inda ba a zata ba. Tashar rarraba wuta ta kamfanin Con Edison da ke gabashin Manhattan ta nutse, kudancin tsibirin ya yi kusan kwana huɗu cikin duhu. Asibitin Bellevue yana da janaretoci a hawa na 13, ruwa bai kai gare su ba, amma injinan da ke tura musu mai a ƙarƙashin ƙasa suke. Ma'aikata da sojoji suka yi layi a matakala suna miƙa wa juna jarkokin dizal, kuma duk da haka sai da aka kwashe majinyata sama da 700. Asibitin bai koma cikakken aiki ba sai Fabrairun 2013. Maƙwabcinsa NYU Langone ya sauko da majinyata kimanin 300 ta matakala a daren guguwar, kuma sashensa na gaggawa bai sake buɗewa ba sai 2014. A wani bene da ke titin Broad, ma'aikatan wata cibiyar adana bayanan kwamfuta sun yi kwanaki suna hawa da dizal a bokiti hawa 17.

Saboda haka matakin farko na gyara shi ne wutar wucin gadi: janaretocin haya a kan tirela a bakin titi, da manyan wayoyi da ake ja ta matakala. Abin da ake fara ba wa wuta shi ne injin tura ruwan kashe gobara da ƙararrawarta, domin ginin da ke cike da leburori, fankoki da wayoyin wucin gadi ya fi kowane lokaci kusa da gobara. Sai lifta ɗaya ta kaya. In babu ita, kowace na'urar busarwa da kowane buhun shara a kafaɗa za su hau su sauka.

Kayan wutar da suka nutse ba a shanya su a mayar. Bireka, fis, mita, soket da duk na'ura mai allon lantarki a ciki canza su ake yi, domin laka da gishiri suna maƙalewa a inda ido ba ya gani, kuma birekar da ta ƙi yanke wuta ranar da ake bukata ta fi rashinta muni. Manyan motocin inji da wasu allunan ƙarfe ana iya kai su wurin masu ƙera su a wanke, a gasa, a gwada. Waya takan zuƙi ruwa ta bakinta ya yi tafiya a cikin rigarta, don haka sai an auna ƙarfin rigar da na'ura kafin a yanke shawara. Ruwan gishiri ya fi kowanne ɓarna: ko ya bushe, gishirin yana nan yana jan laima daga iska yana cin tagulla. Bayan Sandy, kamfanin Verizon ya ga wayoyin tagullarsa na kudancin Manhattan ba su gyaruwa, ya maye gurbinsu da na zaren gilashi. Abin da ke jawo jinkiri a nan sau da yawa jiran kaya ne, domin babban allon rarraba wuta ko taransfoma ba a shago ake saye ba, ƙera shi ake yi bisa oda, kuma yakan ɗauki watanni.

Bin sawun laima da busarwa

Wannan shi ne sashen da aka fi yi wa ha'inci, domin bango yakan bushe a ido alhali cikinsa a jiƙe yake. Bulo, filasta da allon jifsam suna jan ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir, don haka laima takan wuce alamar da ruwa ya bari da rabin mita ko fiye. Ma'aikata suna bi hawa-hawa, ɗaki-ɗaki, da kyamarar da ke ganin bambancin zafi. Wuri mai laima yakan fito da sanyi a hoton saboda ruwan da ke tashi daga jikinsa. Kyamarar nuni kawai take yi, sai an tabbatar da na'urar auna laima mai allurai biyu da ake sokawa a jikin bangon. Ana kuma auna irin wannan bango a sashen da ruwa bai taɓa ba, adadin da aka samu ya zama mizanin da ake son a komo gare shi. Daga nan a zana taswirar laima ta kowane hawa, a riƙa sabunta ta kullum.

Sai a buɗe duk inda ruwa ya ɓuya. Ana cire katakon gindin bango, a yanke allon jifsam santimita 30 zuwa 60 sama da inda ruwa ya tsaya, a fitar da audugar da ke tsakanin bango, wadda ke riƙe ruwa makonni. Haka rigar da ke naɗe da bututun na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarƙashin daɓen ofis mai ɗagawa inda wayoyin kwamfuta ke bi. A ginin da aka yi kafin shekarun 1980 ba a fara fasa komai sai an gwada ko akwai asbestos a silin, tayil ko rigar bututu, domin ƙurarsa tana jawo cutar huhu da sankara bayan shekaru. Abin toshe kafofin da ke hana gobara tsallaka hawa, wanda ruwa kan wanke ko ma'aikata su ɓamɓare, dole a mayar da shi kafin a rufe bango. Mantuwa da shi ba ta nuna kanta sai ranar gobara.

Busarwar kanta abu uku take bukata tare: iska mai motsi, ɗumi, da hanyar fitar da laimar daga ginin. Fanka tana ɗauke ruwa daga jikin bango ta zuba shi cikin iska, amma idan ba a cire shi daga iskar ba, zai je ya sauka a wani wuri mai sanyi, a jikin gilashi ko bayan silin na hawan da bai jiƙe ba. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar kusan giram 30 na ruwa a kowace mita kubik, mai digiri 10 kuwa kimanin giram 9 kawai. Na'urorin tsotse laima iri biyu ne. Ɗaya tana sanyaya iska har ruwan ya zama raɓa ya ɗiga a bututu. Ɗayar tana bi da iskar ta cikin wani faifai mai sinadarin silika da ke shanye laima, kuma ita ce ke iya busar da iska ƙwarai, irin wadda kankare da katako mai tauri ke bukata. A manyan ayyuka akan ajiye ta a kan tirela a ƙasa, a ja dogayen bututun leda ta matakala zuwa hawan da ake aiki. Burin shi ne laimar iskar ɗaki ta sauka ƙasa da kashi 60 cikin ɗari da wuri, sannan a ci gaba da rage ta.

Yanayin gari yana da tasiri a nan. A Kano ko Yamai cikin hunturu, iskar waje ta bushe har buɗe tagogi kaɗai yana yin rabin aikin. A Legas cikin damina, ko a Abuja cikin Agusta, buɗe taga ƙara wa ginin ruwa ne, gara a rufe ko'ina a bar na'ura ta yi aikinta. Zafi mai yawa kuma yana da nasa lahani: katakon daɓe da ƙofofi sukan lanƙwashe su tsage idan aka busar da su da sauri.

Kankare shi ne mai taurin kai. Magina suna da ƙiyasin cewa kowane inci ɗaya na kaurinsa yana son kusan wata guda kafin ya bushe. Samansa yakan yi fari fat cikin kwanaki, amma idan aka shimfiɗa leda, kafet mai gam ko katako a kai, laimar ciki za ta taso ta narkar da gam ɗin, daɓen ya kumbura bayan wata uku. Hanyar da aka amince da ita ita ce a huda dekin zuwa kashi 40 cikin ɗari na kaurinsa, a sa ma'auni a ramin a toshe, a karanta laimar da ke can ciki. Yawancin masu yin kayan daɓe ba sa ba da garanti sai ta sauka wajen kashi 75. Mai gini yana asarar haya kullum, ɗan kwangila yana son a sallame shi, kuma a daidai wannan gaɓa ce ake yawan rufe bango a kan laima a shafa fenti.

Funfuna

Funfuna takan fara tsirowa a kan jiƙaƙƙen abu cikin sa'a 24 zuwa 48. Abincinta takardar da ke jikin allon jifsam, katako, gam da ƙura. Tana tayar da asma da atishawa, kuma ga mai raunin garkuwar jiki tana iya kama huhu. A dogon bene haɗarinta ya ninka, domin na'urar sanyaya iska ta tsakiya za ta iya kwasar ƙwayoyinta daga hawa ɗaya ta raba wa ashirin. Saboda haka ake kashe na'urar a sashen da abin ya shafa, a toshe bakunanta, a killace wurin da leda, ma'aikata su sa takunkumi da safar hannu. Abin da funfuna ta ci ciki ana yanke shi a ƙulle a leda kafin a fitar. Fesa bilic a kan allo mai shan ruwa launin kawai yake kashewa, saiwar tana nan.

Ginin Deutsche Bank da ke titin Liberty a New York, mai hawa kusan 40, ya nuna inda abin kan kai idan aka bar shi. Faɗuwar hasumiyar kudu ta Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a 11 ga Satumba, 2001 ta yaga gefensa, ruwan bututun kashe gobara da ruwan sama suka yi ta shiga. Ƙarfen ginin yana tsaye, amma funfuna da ƙura mai guba suka mamaye cikinsa yayin da masu shi da kamfanonin inshora ke jayayya. A ƙarshe rushe shi aka yi hawa-hawa, aikin da bai ƙare ba sai 2011.

Gishiri a cikin kankare

Ruwa mai tsabta na 'yan kwanaki ba ya raunana kankare. Matsalar tana ga rodin da ke ciki. Siminti yana ba wa rodi kariya daga tsatsa, amma gishiri idan ya ratsa ta tsaga ya kai gare shi yana karya wannan kariya. Tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu zuwa shida, don haka tana tura kankaren daga ciki har ya tsage ya ɓamɓare, ruwa ya ƙara samun hanya. Abin yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Wannan ya shafi kowane bene da ke bakin teku, har da na Victoria Island da Ikoyi a Legas, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kusa kuma iskar ma tana ɗauke da gishiri.

Bayan ambaliyar ruwan teku ana wanke ginshiƙai da daɓe da ruwa mai daɗi sau da yawa, sannan injiniya ya huda ya ɗebi garin kankare a zurfi daban-daban a kai ɗakin gwaji a ga inda gishirin ya kai. Ana bubbuga jikin ginshiƙi da guduma, inda ya yi amon rami an san ya saki daga ciki. Gyaran shi ne a fasa har bayan rodin, a kankare tsatsar, a ƙara sabon rodi idan tsohon ya sirance, a cike da siminti na musamman. Wani lokaci akan binne ƙananan dunƙulen tutiya a haɗe da rodin, domin tsatsar ta ci su ta bar ƙarfen. A Surfside ta jihar Fulorida, rahoton injiniya na 2018 ya nuna shimfiɗar hana ruwa da ke ƙarƙashin dandalin wurin ninƙaya na benen Champlain Towers South ta lalace, kuma kankaren da ke ƙasa ya yi mummunar illa. Ba a kai ga gyaran ba ginin mai hawa 12 ya rufta a 24 ga Yuni, 2021, mutum 98 suka mutu. Masu bincike na gwamnatin tarayya sun kuma gano rauni a zanen dandalin da yadda aka gina shi tun asali.

Kafin mutane su dawo

Ruwan da ya kwanta makonni a bututun ginin da ba kowa yana iya haifar da ƙwayar Legionella, mai jawo ciwon huhu mai tsanani, wadda ke yaɗuwa a ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45 kuma ake shaƙa a feshin shawa. Don haka ana wanke tankuna, a zuba kulorin, a buɗe kowane famfo ya zuba, a gwada ruwan. Takardun da suka jiƙe kuwa tun a kwana biyun farko ake sa su a firiza don tsayar da funfuna, daga baya a busar da su a na'urar da ke fitar da ƙanƙarar ba tare da ta narke ba.

Gyaran da ya mayar da komai inda yake a da, jiran ambaliya ta gaba kawai yake yi. Cibiyar asibitoci ta Teksas da ke Houston ta sha wannan darasi a Yunin 2001, lokacin da ruwan guguwar Allison ya cika ƙarƙashin gine-ginenta, ya kashe wuta, ya hallaka dubban dabbobin bincike. Bayan nan aka hau da kayan wuta sama, aka sa ƙofofin ƙarfe masu hana ruwa irin na jirgin ƙarƙashin teku a hanyoyin da suka haɗa gine-ginen, kuma da guguwar Harvey ta zo a Agustan 2017 yawancin asibitocin sun ci gaba da aiki. New York ma ta gyara dokokin gininta bayan Sandy, ta sauƙaƙa ajiye mai da injuna sama da inda ambaliya ke kaiwa, ta kuma wajabta wa dogayen gidajen kwana famfon ruwan sha a hawan ƙasa wanda ba ya bukatar wuta. Ƙananan matakai ma suna da amfani: makunnin da ke hana ruwan kwata dawowa ciki, shingayen da ake kafawa a bakin gareji idan an yi hasashen ruwa, da na'urorin da ke jin ɗigo a ƙarƙashin bututu su rufe layin da kansu.

Ana mayar da mutane ne hawa-hawa, bayan an gwada ƙararrawar gobara, injin tura ruwa, fitilun matakala da kowace lifta, hukuma kuma ta sa hannu. Taswirar laima ta ƙarshe, sakamakon gwajin iska da na ruwa, da hotunan cikin bango kafin a rufe shi, duk ana haɗa su a ajiye a ofishin kula da ginin. Akan sake zagayawa da ma'aunin laima bayan wata uku da kuma bayan damina ta farko, ginshiƙan da ruwan gishiri ya taɓa kuwa ana sa su cikin jadawalin dubawa na shekara-shekara.